Wasan ƙarshe na Leinster da La Rochelle a 2023: jan kati ne ya kayar da Leinster, ko dabararta ce ta gaza?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni sanin wasan zari-ruga, domin ni mutumin ƙwallon ƙafa ne, kuma ban daɗe da fara bibiyar wannan wasa ba. Tambayar tawa a kan wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai ta ƙungiyoyin zari-ruga ce, wanda aka buga ranar 20 ga Mayun 2023 a filin Aviva da ke Dublin, tsakanin Leinster ta ƙasar Ireland da La Rochelle ta Faransa, inda aka tashi La Rochelle tana da maki 27, Leinster 26.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, cikin minti 12 na farko Leinster ta tara maki 17, abokiyar karawarta ba ta da ko ɗaya, ga shi kuma a gida take, gaban 'yan kallo sama da 50,000 waɗanda mafi yawansu nata ne, amma duk da haka kofi ya koma Faransa. Da na nemi jin ta bakin masu goyon bayan Leinster, sai na tarar da yawansu suna ɗora laifi a kan alƙalin wasa, Jaco Peyper ɗan Afirka ta Kudu, musamman saboda jan katin da ya ba Michael Ala'alatoa na Leinster ana saura kusan minti biyu a tashi, lokacin da Leinster take dab da layin La Rochelle tana neman makin da zai ba ta nasara. A idona na mai kallon ƙwallon ƙafa, mutumin ya rugo ne ya ture wanda yake ƙoƙarin ƙwace musu ƙwallo, kuma tun farkon wasan nake ganin ana irin wannan turin ba a hura usur ba. To me ya bambanta wannan da sauran?

Sannan akwai abin da na kasa ganewa ta ɓangaren dabara. Maki ɗaya ne tsakani, kuma na fahimci cewa idan ɗan wasa ya saki ƙwallo ta taɓa ƙasa ya buga ta, ta wuce tsakanin turaku ta saman sandar tsakiya, maki uku ne. Me ya hana Leinster yin haka, tunda sun ɗauki lokaci suna kai hari a kusa da turakun? Ina roƙon wanda ya san dokokin wasan da yadda ake tsara shi ya yi mana bayani dalla-dalla, ko da zai yi tsawo.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki maganar jan katin, domin ita ce ta fi sauƙin warwarewa, duk da cewa ita ce aka fi ɗaga murya a kanta.

Idan aka kayar da mai ɗauke da ƙwallo, doka ta wajabta masa ya sake ta, wanda ya kayar da shi kuma ya sake shi ya kauce. Daga nan sai 'yan wasan ɓangarorin biyu su haɗu a kan ƙwallon da ke ƙasa suna ture juna, wannan cunkuson shi ake kira rak. Mai tsaro da ya riga kowa isowa yana da damar sunkuyawa ya ɗora hannu a kan ƙwallon muddin ƙafafunsa ne suke ɗauke da nauyinsa, masu kai hari kuma aikinsu ne su kawar da shi kafin ya ƙwace. Saboda haka ka yi gaskiya da ka ce ka ga ana turin tun daga farko, turi halas ne, ana yin sa kusan duk lokacin da aka kayar da mutum. Sai dai doka ta 9 ta hukumar World Rugby, wadda ta shafi wasa mai haɗari, ta gindaya sharuɗɗa a kansa: ba a yarda mutum ya faɗa wa cunkuson a guje ba tare da ya riƙe wani da hannunsa ba, kuma ba a yarda ya bugi abokin hamayya daga kafaɗa zuwa sama ba. Ala'alatoa ya zo da gudu daga nesa, kafaɗarsa ta sami Georges-Henri Colombe na La Rochelle a kai yana sunkuye, ba shi da halin kare kansa.

Tun watan Maris na 2021 hukumar ta tsara wa alƙalan wasa matakan da za su bi duk lokacin da aka taɓa kan ɗan wasa, kuma idan ka saurari tattaunawar Peyper da alƙalin bidiyo za ka ji a kan waɗannan matakan suke tafiya. Za a fara tabbatar da cewa an taɓa kai, sannan a duba ko wanda ya taɓa ɗin yana da laifi ko kuwa tsautsayi ne da babu yadda zai kauce masa, sannan a auna girman haɗarin ta fuskar gudu da ƙarfi da kuma ko kai tsaye aka bugi kan, daga ƙarshe a duba ko akwai dalilin sassauci, misali idan wanda aka buga ya sunkuya ba zato ba tsammani a daƙiƙar ƙarshe. Babban haɗari ba tare da dalilin sassauci ba, hukuncinsa jan kati ne. Colombe bai canza tsayuwa ba, a sunkuye yake tun kafin Ala'alatoa ya taso, kuma babu abin da ya tare wa mai tahowa gani. An fitar da Colombe daga fili a kan gadon ɗaukar masu rauni, amma ka lura, ba raunin ne ma'auni ba; ko da ya miƙe ya ci gaba da wasa, hukuncin yana nan yadda yake. Haka kuma ba a tambayar niyya. Babu wanda yake zaton Ala'alatoa ya yi nufin cutar da mutum, gaggawar ceto ƙwallo ce ta ɗebe shi, amma doka aikin take hukuntawa.

Wannan tsanani yana da tushe. A watan Disambar 2020 Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya bayyana cewa likitoci sun gano yana fama da cutar mantuwa tun bai tsufa ba, har ya ce ba ya iya tuna wasannin da suka ci kofin da su, kuma shi da wasu tsofaffin 'yan wasa suka shiga shari'a da hukumomin wasan. Daga wannan lokaci alƙalin wasan da ya kau da kai daga bugun kai, shi ne zai amsa tambaya.

Masu cewa Peyper yana da wata manufa a kan 'yan Ireland sun manta cewa wata biyu kafin wannan wasan, a wannan filin dai, shi ne ya kori Freddie Steward na Ingila saboda karon da ya yi da Hugo Keenan, ranar da Ireland ta kammala lashe gasar ƙasashe shida ba tare da an doke ta ba. Kwamitin ladabtarwa ma daga baya ya ga cewa katin gargaɗi ya kamata a bayar. Idan akwai abin da za a ce game da Peyper, to shi ne yana da saurin tsanantawa a kan bugun kai, ko wane ne ya yi. Ita kanta La Rochelle ta ɗanɗana irin wannan hukunci a wasan ƙarshe na 2021 a Twickenham, inda Luke Pearce ya kori Levani Botia tun kafin a cika rabin sa'a saboda ya bugi Maxime Médard a sama, suka sha kashi a hannun Toulouse 22 da 17.

Abin da bai dace ba a ranar daga wajen fili ya fito. Johnny Sexton, kyaftin ɗin Leinster a lokacin, bai buga wasan ba saboda rauni, amma bayan an tashi ya shiga fili ya faɗa wa alƙalan maganganu marasa daɗi, aka dakatar da shi wasa uku, wanda ya sa bai buga wasannin share fagen kofin duniya na shekarar ba. A wasan da kyaftin kaɗai ake sa ran ya yi magana da alƙali, kuma cikin ladabi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bazazzagiya ta amsa:

Malam ya gama magana a kan katin, ba ni da abin ƙarawa. Ni abin da nake so Ɗan Fagge ya duba shi ne allon maki, domin shi kaɗai ya isa ya nuna cewa tun kafin minti na 78 wasan ya kuɓuce wa Leinster. Wajen minti na 31 suna da 23, La Rochelle tana da 7. Daga nan har aka tashi, kusan minti 50, maki uku kacal Leinster ta ƙara, La Rochelle kuwa ta ƙara 20. Ƙungiyar da ta shafe wannan tsawon lokaci ba ta ci komai ba sai bugun laifi ɗaya, da wuya a ce hukunci guda na alƙali ne ya kayar da ita.

Makin 17 na farko ba sa'a ba ce, shiri ne da aka yi a filin atisaye domin wannan abokiyar hamayya ita kaɗai. La Rochelle ta doke Leinster a wasan kusa da na ƙarshe a 2021, ta sake doke ta 24 da 21 a wasan ƙarshe na 2022 a Marseille, inda Arthur Retière ya dangwala ƙwallo a bayan layi ana dab da tashi bayan doguwar matsa lamba. Leo Cullen da Stuart Lancaster, masu horar da Leinster a lokacin, sun san sarai cewa ba za su iya haɗa ƙirji da ƙartin La Rochelle na tsawon minti 80 ba, domin Will Skelton da Uini Atonio kowannensu ya haura kilo 130, ga Grégory Alldritt da Botia a bayansu. Sai suka zaɓi sauri. A jifar gefe ta farko, wato jifar da ake dawo da ƙwallo fili da ita idan ta fita, maimakon Dan Sheehan ya cilla ƙwallo sama a ɗaga mai tsalle yadda aka saba, sai ya jefa ta gajere wa Jack Conan, ya kutsa ta giɓin da ƙartin suka bari, ya mayar wa Sheehan, aka ci tirai, wato dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya, ba a cika minti ɗaya ba. Tirai na biyu, na Jimmy O'Brien, ya samo asali ne daga bugun James Lowe, wanda ya yi amfani da dokar da ta ce idan ka buga daga rabin filinka ƙwallo ta taɓa ƙasa sannan ta fita a cikin yankin mita 22 na abokan hamayya, jifar taka ce. Na uku kuwa ya zo ne bayan an ba Tawera Kerr-Barlow na La Rochelle katin gargaɗi, wanda a wannan wasa yake nufin minti goma a waje, Sheehan ya sake ci a gefen fili. Duk ukun sauri ne ya haifar da su: a fitar da ƙwallo daga rak kafin masu nauyi su miƙe su jeru.

Matsalar wannan salo ita ce yana buƙatar abu biyu, wato ƙwallo a hannu da kuma fili a gaba, kuma La Rochelle ta hana su duka biyun. Ronan O'Gara, kocin La Rochelle a wasan, bai canza tsari don an ci shi 17 ba. Yaransa suka ci gaba da riƙe ƙwallo, suna tura ƙarti ɗaya bayan ɗaya, suna tilasta wa Leinster ta yi ta kayarwa. Jonathan Danty ya ture mai tare shi ya ci na farko wajen minti na 20, UJ Seuteni ya ci na biyu dab da hutun rabin lokaci, aka tafi hutu 23 da 14. A tsakanin waɗannan biyun ne James Ryan, wanda yake riƙe da kyaftin a madadin Sexton kuma shi ne ginshiƙin 'yan gabansu, ya fita saboda bugun da ya samu a kai. A ganina wannan fitar ta fi jan katin tasiri nesa ba kusa ba, domin shi ne mutumin da yake tare Skelton tun kafin ya ɗauki gudu.

Bayan an dawo daga hutu sai wasan ya zama iri ɗaya yana maimaita kansa. La Rochelle ta kai hari, Leinster ta yi tsaro na jarumta har ta ƙwace ƙwallo a kusa da layinta, sannan a zo wajen fitar da ita a kasa. Bugun fitarwa da ya kamata ya kai ƙwallo tsakiyar fili sai ya karkace ya fita kusa, ko kuma ya faɗa hannun Brice Dulin na La Rochelle yana da sarari ya zaɓi inda zai mayar da ita. Jamison Gibson-Park da Lowe, waɗanda ƙafarsu ta yi musu aiki a farkon wasa, duk sun yi irin wannan kuskure. Kowane bugu mara nisa yana nufin jifar gefe ga La Rochelle a cikin yankin Leinster, kowace jifa kuma tana nufin mol, wato ƙarti su dunƙule a tsaye kewaye da mai ƙwallo su yi ta turawa gaba. Kamar mai ɗebe ruwan da ya malalo masa ɗaki ne da ƙwarya alhali bai toshe inda yake shigowa ba. Komai ƙoƙarinsa, hannu ne zai fara gajiya. Da ya rage saura maki shida, 26 da 20, Alldritt, kyaftin ɗin La Rochelle a wasan, ya samu bugun laifi a inda ake iya neman maki uku, amma ya zaɓi a buga ƙwallo kusurwa a sake mol, saboda ya ga ƙafafun abokan hamayya sun yi nauyi. Daga wannan matsin ne aka ba Rónan Kelleher na Leinster katin gargaɗi, Colombe ya kutsa ya ci wajen minti na 72, Antoine Hastoy ya buga ƙarin maki biyu da ake nema bayan tirai.

Akwai kuma ɗan lissafi da ba a cika ambata ba. Kowane ɓangare tirai uku ya ci. Hastoy ya ci bugun ƙari duka ukun, Ross Byrne na Leinster kuwa ɗaya ya ci, biyu suka daki turke. Ban ɗora masa laifi ba, domin daga can gefen fili ya buga su, amma maki huɗu ne suka tafi a wasan da aka rasa da maki ɗaya.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, na gode, Malama, Allah ya ƙara sani. Maganar katin ta shige ni, musamman da na gane cewa ba niyya ake dubawa ba. Sai dai har yanzu ba a taɓo ɗaya tambayar tawa ba. Na yarda La Rochelle ta fi ƙarfi a yawancin wasan, amma duk da haka, a mintunan ƙarshe an ba Danty katin gargaɗi saboda ya kama Caelan Doris a sama, kowane ɓangare ya koma mutum 14, ƙwallo tana hannun Leinster, maki uku kuma sun ishe ta. Wanda aka fi ƙarfi ai shi ya fi buƙatar ya karɓi abin da ya samu da wuri. Shin rashin gwada bugun kuskure ne, ko akwai hikimar da ban gani ba?

Na Damagaram ya amsa:

Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma ni a nan na ɗan saɓa wa Malama, tare da girmama bayaninta. Gaskiya ne an danne Leinster kusan minti 50, amma wasan ƙarshe ba a ba da kofi don danniya. Duk abin da ya faru kafin minti na 75 ya riga ya wuce. Abin da ya rage shi ne maki ɗaya da ƙwallo a hannu, kuma a wannan gaɓa Leinster ta yi zaɓi biyu da za a iya tuhuma.

Na farko shi ne bugun laifin da aka ba su saboda Danty, a kusa da tsakiyar fili. Ba su nemi turaku ba, suka buga gefe. Wannan ina iya yi musu uzuri, domin nisan ya kai iyakar ƙafar mai bugun, kuma idan ƙwallo ta gaza isa ka miƙa ta ga abokan hamayya a banza. Na biyun ne ba ni da uzurinsa. Bugun saki, wato wanda ka yi tambaya a kansa, ba abu ba ne da ake yi don an ga dama a take, shirya shi ake yi. 'Yan gaba su riƙa ɗaukar ƙwallo suna matsawa da ita zuwa saitin turaku, mai lamba 10 ya ja baya kamar mita goma daga rak inda masu tarewa ba za su cim masa ba, mai lamba 9 ya jira alama ya cilla masa. A waɗannan mintuna Leinster ba ta jeru haka ba ko sau ɗaya. Sun ci gaba da salon da suka saba, suna neman tirai ko kuma La Rochelle ta yi laifi a ba su bugu mai sauƙi. Wato sun miƙa makomarsu ga haƙurin abokan hamayya da usur ɗin alƙali, kuma duk rak ɗin da aka ƙara wata dama ce ta a ƙwace ƙwallo ko wani ya yi kuskure. Jan katin Ala'alatoa daga nan ya fito: Colombe ya samu sararin ɗora hannu a kan ƙwallo, mai zuwa ceto ya makara, ya zo da gudun da bai iya sarrafawa ba. Don haka ni ban raba katin da dabarar ba, ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne mako ɗaya kafin nan, a wannan filin, Munster ta fitar da Leinster daga gasar URC, ɗaya gasar da take bugawa, da ci 16 da 15, kuma da bugun saki na Jack Crowley a mintunan ƙarshe aka yi. Leinster ta ajiye manyan 'yan wasanta a ranar domin su huta wa La Rochelle, aka wayi gari babu kofi ko ɗaya. Sannan mutumin da yake zaune a kujerar kocin La Rochelle, O'Gara, da irin wannan bugu ya yi suna: shi ya buga wanda ya ba Ireland cikakkiyar nasarar gasar ƙasashe shida a Cardiff a 2009, ya kuma buga wa Munster wani a kan Northampton a 2011 bayan sun riƙe ƙwallo ta ratsa rak kusan 40. Sexton ma ya yi irinsa a Paris a 2018. Wato ba baƙon abu ba ne a zari-rugar Ireland, rashin wanda zai ce a jeru a yi ne, kuma a nan ne rashin Sexton da Ryan a fili ya fito.

Game da alƙalanci kuma, ina da ƙorafi ɗaya da ya bambanta da na masu kukan jan kati. A wajen rak, Peyper ya bar mai sunkuyawa ya daɗe a kan ƙwallo kafin ya ce a saki, kuma wannan ya fi amfanar ƙungiyar da take son wasa ya yi sanyi. Ba na cewa son kai ne, kowane alƙali yana da inda yake sa iyakarsa, amma wanda duk salonsa ya dogara da sauri shi ne zai fi jin jiki.

Tsohon Malami ya ƙara da cewa:

Malam Na Damagaram, a kan rak ɗin ban bi ka ba. Leinster ma ta ci moriyar wannan sassauci, domin da ƙwacen da suka riƙa yi a kusa da layinsu ne suka kai minti na 70 suna gaba. Da Peyper ya tsananta a wurin, da su za a fara hukuntawa. Kuma idan lissafin inda aka sassauta za a yi, 'yan La Rochelle suna da nasu. Doka ta hana a rusa mol da gangan ko a shige shi ta gefe, kuma idan alƙali ya gamsu cewa laifin ne ya hana cin tirai da ake kyautata zaton za a ci, yana da ikon ba da tirai na hukunci, maki bakwai ba tare da an yi bugun ƙari ba, haɗe da katin gargaɗi. Peyper ya bi a hankali: bugun laifi, jan kunne, sannan kati ga Kelleher. Katunan ranar huɗu ne, biyu ga kowane ɓangare, kuma na farkonsu La Rochelle aka ba tun wasa yana ɗanye.

Bazazzagiya ta sake amsawa:

Na karɓi rabin maganar Malam Na Damagaram. Da sun jeru domin bugun saki, da ba wanda zai zarge su, kuma na yarda rashin jagora a fili ya taka rawa. Inda nake da ja shi ne ɗaukar bugun a matsayin maki uku da suke ajiye ana jiran a ɗauka. Idan mai lamba 10 ya ja baya, kowa a filin ya san abin da ake shiryawa, masu tsaro su daina tsoron gefe su taru su rugo masa, shi kuma zai buga ne da ƙafar da ta yi minti kusan 80 tana gudu da kayarwa. Ko ya ci ma, da sauran lokaci a agogo, Leinster ce za ta karɓi bugun tsakiya a cikin yankinta, wato a koma ga fitar da ƙwallon da suka kasa yi tun bayan hutu, gaban ƙungiyar da bugun laifi ɗaya ya ishe ta. Ina zaton wannan ne ya sa suka so su ci lokaci tukuna.

Shekarar da ta biyo baya ta ba mu abin kwatance. A wasan ƙarshe na 25 ga Mayun 2024 a filin Tottenham da ke Landan, Leinster da Toulouse suna 15 da 15 ana dab da tashi, wannan karon 'yan Leinster suka shirya bugun, Ciarán Frawley ya ja baya ya buga, ƙwallo ta bi ta gefen turke. Aka shiga ƙarin lokaci, Matthew Carley ya ba Lowe katin gargaɗi, Matthis Lebel ya ci wa Toulouse tirai, sannan aka kori Richie Arnold na Toulouse da jan kati saboda ya bugi Cian Healy a kai wajen kawar da shi daga rak, laifi irin na Ala'alatoa. Toulouse ta ƙarasa wasan da mutum 14, Thomas Ramos ya ƙara mata bugun laifi, ta ci 31 da 22, kofinta na shida a gasar.